Takardar da Ta Zaga Unguwa

Likitar ta ɗaga takardar da yatsu biyu, kamar wadda ta tsinci mataccen ɓera. Ta sha maiƙo har ta yi duhu, ta tsage a tsakiya, wani ya liƙe ta da salatif.

"Wannan ta wace ce?"

Tela ta gane ta tun daga nesa. Sunanta ma ya kusa gogewa saboda yawan hannuwan da suka damƙe shi. A gadon da ke bayanta ƙanwarta Auta na kwance, ƙafar hagu ta kumbura suntum, robar iska a hancinta.

"Tawa ce," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

*

Wata huɗu da suka wuce, jinin al'ada ya so ya ƙarar da Tela. Sai ta tashi daga keken ɗinki ta tarar kujera ta ɓaci, jiri na ɗibarta. Da ta je asibiti, wannan likitar ce ta tsare ta da tambayoyi har ta ƙosa. Jini ya taɓa daskare miki a ƙafa? Kina shan maganin tazarar haihuwa? Aka ɗebi jini, aka yi hoton mara, sannan ta rubuta mata ƙwaya a wannan takardar.

"Ranakun zubar kawai, kada ki wuce kwana biyar. Kuma ke na auna, ba 'yan gidanku ba."

Magani ya karɓe ta. Ita kuwa bakinta ba ya riƙe abin daɗi, sai ta ba Gwaggo labari. Gwaggo ba ta iya karanta ko sunan kanta ba, amma babu ciwon da ba ta san maganinsa ba.

"Ara mini in nuna sunan kawai, 'yar nan."

Nunawar ke nan. Takarda ta shiga unguwa, daga mai kitso zuwa matar direba, daga ƙasan filo zuwa bakin murhu. Mai kemis na bakin titi, da farar rigarsa da Allah kaɗai ya san inda ya samo ta, bai taɓa tambayar mai takardar ba. Ya duba, ya zuba a leda, ya mayar da takarda, har da addu'ar samun sauƙi.

Da ta iso hannun Auta, babu wanda ya tuna jini ya taɓa daskare mata a ƙafa bayan haihuwar bara. Gwaggo ma ƙara nata ta yi: "Ki yi ta sha kullum, har ya ɗauke gaba ɗaya." Sati uku tana haɗiya.

*

"Gudan jinin ya taso daga ƙafa ya kai huhu," in ji likitar. "Tambaya ɗaya da an yi mata, da ba a ba ta ba."

"Za ta tashi?"

"Muna iya ƙoƙarinmu."

Tela ta karɓi takardar ta fito. Ƙyamar mai kemis take ji, da ta Gwaggo, amma ta kanta ta fi yawa.

A baranda Gwaggo na zaune dirshan tana rusa kuka, tana gaya wa mutane wai baki ne ya kama yarinyar. Da ta hango Tela sai ta fyace hanci, ta jawo gefen mayafinta.

"Sun ba ki takardar? Miƙo nan. 'Yar maƙwabciyarmu kwana shida ke nan tana zuba, na yi wa uwarta alkawari."

 Tela ta yaga takardar biyu, ta haɗa ta sake yagawa, har ta zama ƙananan gutsattsari.

Gwaggo ta taɓe baki.

"To, ke kika sani. Ai mai kemis ya riga ya haddace."

Tela ta nufi famfon da ke ƙarshen baranda. Ta zubar da gutsattsarin, ta cuɗa hannu da sabulu har sau uku. Da ta kai tafin hannun hancinta, ƙarnin maiƙon yana nan.