Mikoro Mai Jin Bayan Bango

"Wannan kuwa," in ji Amastan, ya zaro wani mikoro mai ruwan azurfa daga cikin kwali, "ko tururuwa ce ta yi ajiyar zuciya a bayan ɗakinka sai ya ɗauka."

"Wancan baƙin fa?" in ji Zayyadu.

"Wancan? Na masu cigiyar akuya ne. Sai ka cusa shi cikin baki kafin ya san da kai. Kai ɗan Damagaram, mawaƙi kake son zama ko sanƙira?"

Zayyadu ya zuba wa mikoron biyu ido, kamar wanda aka ce ya zaɓa tsakanin ido da hanci. Tun bayan azumi yake zarya butik ɗin Amastan, wato shagonsa, a kasuwar Arlit, inda ake jibge kayan da manyan motoci ke shigowa da su ta kan iyakar Assamakka. Ya taɓa kowane mikoro, ya gwada kowane kaske na kunne, ya sha shayin butik ɗin har Amastan ya fara ɓoye sukari idan ya hango motonsa. Aikin Zayyadu kabu-kabu ne, amma duk lokacin da babu fasinja yana ƙarƙashin inuwa da salula a hannu, yana kallon Turawa suna bayanin kayan situdiyo daga ɗakuna masu dardumai, a garuruwan da ko kare ba ya haushi sai da izini. Duk bakinsu ɗaya: mawaƙin gaske yana bukatar mikoro mai kaifin ji.

"Baƙin ya fi araha," ya ce a sanyaye.

"Jaki ma ya fi raƙumi araha."

Wannan magana ita ta yanke hukunci. Ya juye asusunsa a kan tebur, ya ɗauki na azurfa, da ɗan akwatin da ke haɗa shi da salula, da wani kaske wanda kunne ɗaya ke magana sosai, ɗayan kuma sai ya ga dama. Amastan ya raka shi har bakin hanya yana sa masa albarka, irin albarkar wanda aka raba da kayan da suka daɗe suna yi masa kwantai.

Duk wannan saboda Zahra ne, 'yar maƙwabcinsu Akoli, Buzu, direban bas ɗin da ke kai ma'aikata mahaƙar ma'adinai. Wayyo Zahra! Idan ta ɗago ido daga bokitinta a bakin famfo, Zayyadu ji yake kamar an zuba ruwan randa a kan dutsen da rana ta wuni tana gasawa. Ya taɓa gaya mata ya tsara mata waƙa, kuma tun daga ranar bai ƙara gaya mata komai ba sai labarin kayan aiki.

"Zayyadu," ta ce masa a farkon makon, tana ɗaure bakin jarka, "Juma'a zan tafi Agadas makarantar ungozoma. Kullum mikoro, kullum mikoro. In kana da magana ka faɗe ta kafin mota ta tashi. In babu, ni ma in san babu."

Ya fahimci maganar yadda ta fi masa sauƙi: waƙar take so. Ɗaya fassarar kuwa, wato ya turo manyansa wajen babanta, bai ma bari ta zauna a ransa ba, don ya tabbata Akoli ya tsane shi. Yana da hujja. Da, idan sun haɗu a ƙofar gida, Akoli kan tsaya su gaisa, har ya tsokane shi kan tsadar kabu-kabu. Amma tun ranar da Akoli ya gan shi riƙe da jarkar Zahra, da zarar ya hango shi sai ya ja amawalin rawaninsa har saman hanci, ya kau da kai, ya amsa gaisuwa da hannu kawai. Shayi ma ya daina sha a gabansa. A Damagaram, wanda ya rufe hanci don ya gan ka, ai ya gama gaya maka matsayinka.

Zayyadu yana zaune ne a gidan gwaggonsa Baraka mai tuwo-tuwo, a wani ɗaki da langa-langa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gidan Akoli. Ranar Laraba ya mai da ɗakin situdiyo. Ya jingina katifarsa a ƙofa, ya toshe taga da bargo, ya manna kwalayen ƙwai a bango kamar yadda Turawan suka koyar.

"Kai ɗan nan," in ji Baraka daga waje, "kaji za ka kiwata?"

"Situdiyo ne, Gwaggo."

"To situdiyon ya dawo min da bargona kafin sanyi."

Ya zaɓi tsakar rana, lokacin da zafin Arlit ke kwantar da kowa. Ya sa kaske, ya kunna mikoro, sai ya ji wata guguwa a kunnensa: fanka ce. Ya kashe ta. Ya ji wani abu yana ƙas-ƙas: kwanon rufi ne ke miƙa saboda rana. Wannan ba shi da makashi. Ya ji cikinsa yana kuka. Ya roƙe shi haƙuri.

Sannan ya rufe ido ya rera. Ya kira Zahra tauraruwar da matafiyin hamadar Tenere ke bi, ya kira ta rijiyar da ba ta ƙafewa, ya kira kansa ɓataccen raƙumi. Zufa tana bin gemunsa tana ɗiga a kan waya, kwalin ƙwai yana ɓallowa daga bango ɗaya bayan ɗaya yana faɗo masa a ka, shi kuwa bai tsaya ba. A baiti na ƙarshe hawaye suka zo masa da gaske. Ya tsayar da ɗauka, ya zauna daɓas a ƙasa, ya danna don ya ji abin da zai girgiza zuciyar Zahra.

Amastan bai yi ƙarya ba. Mikoron ya ji komai. Ya ji akuyar Baraka, wadda ta shigo daidai amshi kamar an koya mata. Ya ji bas ɗin mahaƙa yana gurnani a kan hanya, ya ji mai ruwa yana buga jarka, ya ji taɓaryar wata mata da ba ta yarda da barcin rana ba. Can a tsakiyar wannan kasuwa akwai wata 'yar siririyar murya tana kukan raƙumi, ita ce tasa. Abin da ya fi fitowa tangaran shi ne ƙarar shayi ana tsiyaya shi daga sama cikin ɗan kofi, daga bayan langa-langa. Sai kuma muryoyi biyu. Ɗaya ta Akoli ce, ɗayar ta abokinsa Muktari, mahauci ɗan Tawa.

"Ya sake farawa," in ji muryar Muktari.

"Bari shi," in ji Akoli da Hausarsa ta Abzin. "Yanzu za ya zo wurin rijiya. Bayan rijiya, raƙumi."

"Kai har ka hardace ta?"

"Gidan nan kowa ya hardace. Zahra ya hardace, uwarsa ya hardace. Jiya ina tuƙa mota, na kama bakina yana yi."

Zayyadu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kai hannu zai kashe, hannun ya ƙi.

"To mi yaka jira?" in ji Muktari. "Ko kai ka hana shi?"

"Ni? Wallahi tun ranar da na ga shi da jarka na ja masa amawali. Har hanci! Shayi ban ƙara sha gabansa ba. Mutum ya ba ka kunya irin na suruki, kuma me ya rage? In hau moto in biya shi kuɗi in ce ka auri ɗiyana?"

"Wataƙila bai gane ba. Ka san mutanen Damagaram, sai an yi musu da ganga."

"In bai gane ba, Juma'a yarinya ya tafi. Agadas cike yake da samari masu gita. Su ba su kuka bayan bango, ƙofa suke zuwa."

Aka sake tsiyaya shayi. Akuya ta yi amshi. Siririyar muryar ta kai wurin raƙumi, daidai inda Akoli ya ce za ta kai.

Zayyadu ya cire kaske a hankali. Watanni yana kwana da ciwon wannan amawali, yana tsara wa kansa baitocin wanda aka wulaƙanta, ashe bawan Allah girma yake ba shi irin na mutanensu, yana ta jira a bayan rawani kamar mai jiran mota a tasha. Ya dubi mikoron azurfa. Da ya sayi baƙin, da yanzu yana da waƙa tsaf, muryarsa ita kaɗai, ya miƙa wa Zahra a bakin mota ta tafi da ita Agadas, ta riƙa saurare har ranar bikinta da wani mai gita.

Ya janye katifa daga ƙofa ya fito, jiƙe sharkaf, da ɓallen kwalin ƙwai manne a ƙeyarsa. Baraka tana gindin rumfa tana yanka kuɓewa.

"An gama kiwon kajin?"

"Gwaggo," ya ce ƙasa-ƙasa, "ashe in Buzu ya ja maka amawali…"

"Ashe me? Kai kaɗai ne ba ka sani ba a layin nan. Ni na zaci rowar goro ce ta hana ka magana." Ta ci gaba da yanka. "Waƙar fa, ta yi daɗi?"

"Akuyarki ta fi ni fitowa."

"Ai ta fi ka daɗewa a Arlit."

Zayyadu ya juya ya kalli langa-langar. A bayanta ƙarar shayi ta tsaya cak. Ya gane cewa bangon da ya kawo masa magana, shi ne zai mayar da amsa, kuma babu wanda zai ce wani ya yi magana da wani. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya irin wadda bai taɓa yi wa mikoro ba, ya fuskanci gwaggonsa, amma ya ɗaga murya yadda har mai ruwa a kan hanya sai da ya waiwayo.

"Gwaggo Baraka! Ki kira Kawu Halidu a Damagaram yanzu, ki ce ya wakilta wanda zai wakilta. Gobe Alhamis, kafin motar Agadas ta ɗaura kaya, manyana za su shiga gidan nan na bayanmu ta ƙofa, da goro da sukari. Waƙa kuwa na bari sai ranar biki!"