Jan Biro Ya Daina Gyara

Shayin Edita bai ko huce ba amsar Dokta ta shigo: "Na duba, ba gyara." Ta ƙura wa kwamfutar ido, ta ture kofin gefe.

Dokar shafinsu na lafiya a fili take: ba rubutun da zai hau intanet sai likita ya karanta, a liƙa masa tambarin "Likita ya duba". Dokta, tsohon da ke musu wannan aiki kuwa, Jan Biro ake ce masa a ofis, don ko waƙafi ya zauna a karkace sai ya yi wa takardar kaca-kaca. Ya taɓa mayar mata da rubutu a kan kalma ɗaya har sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka. Wai mutumin nan ne wata da watanni ba gyara? Ruwa ba ya tsami banza.

Shi ya sa ta ɗana masa tarko da safen nan. A rubutun zazzaɓin yara ta mai da cokali ɗaya na magani ya zama huɗu, ta kulle shi yadda ba zai hau shafi ba, ta tura masa. Ga shi ya wuce salin-alin.

Ta leƙa ofishin manaja. "Oga, Dokta fa ba ya karanta abin da muke tura masa."

"Ke dai kin cika zargi," in ji shi, idonsa na kan waya. "Yana gyara kina kuka, ya daina kina kuka."

"Da tambarin nan iyaye ke ba yaransu magani."

"To kawo hujja, yau ɗin nan in cire sunansa."

Hujja tana da ita, amma ba ta nuna masa ba, ta ɗauki jaka ta nufi gidan Dokta. A bas ba wanda ba ta zarga ba. Ko wani ɗalibinsa ya bar wa aikin? Ko an sace masa lambar sirri? Ko kuwa raina su ya yi?

Matar Dokta ta daɗe kafin ta buɗe ƙofa. Kwamfutarsa na kan teburin cin abinci, amma tabaran da ke gefenta na mata ne. Shi yana zaune bakin taga. Ya amsa gaisuwarta da fara'a, yana kallon inda ba ta tsaya ba.

"Mama, wa ke amsa min saƙo?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ni ce, 'yata. Idon ne ya tafi, ya kuma hana a faɗa. Aikin nan kaɗai ya rage masa. Nakan karanta masa kan rubutun, sai ya tambaya wa ya tace. In na ce ke ce, sai ya ce in tura."

"Yarinyar da na horar da hannuna?" in ji Dokta. "Ai ba ta barin kuskure."

Tsoro ya kama Edita. Ita ma duk inda ta yi shakka a watannin nan, wucewa take yi, tana cewa ai Dokta zai gani.

Ta jawo kujera kusa da shi, ta buɗe rubutun, ta fara karantawa da ƙarfi. Tana kaiwa kan cokali huɗu ya daki hannun kujera.

"Tsaya! Wane mahaukaci ya rubuta wannan? Yaran mutane za ku kashe?" Hannunsa na lalube a aljihun riga, yana neman biro.

Wayarta ta yi ƙara. Manaja ne. Ta kife ta a kan tebur.

"Baba, akwai saura da yawa, kuma su suna kan shafi."

Ya daina laluben.

"To me kike jira? Karanta."