Ranar da Shingen Dam Ya Ɓalle

Dam ɗin ƙarami ne, garin kuwa ya yi girma ya bar shi a baya. Rani na tsakiya famfo zai ƙafe, bokitai su yi layi a kowane lungu. Shi ya sa aka yanke shawarar a faɗaɗa shi, a ƙara masa zurfi. Aka tara ƙasa aka yi shinge ya raba dam ɗin biyu: ruwa a gefe ɗaya, ɗaya gefen aka zuƙe shi tas, injuna suka shiga haƙa.

Dogo ne ke tuƙa katafilar da ke can ƙasan ramin. Hannunsa ya faɗa a aikin, sai dai bai iya ruwa ba ko kaɗan. Kullum in zai gangara sai ya saci kallon shingen, ya tuna ruwa mai tsayin gida na kwance a bayansa. Abokan aiki suka gano shi, suna tsokanarsa wai ko a banɗaki sai ya riƙe bango kafin ya watsa ruwa. Surukinsa, mahaifin matarsa, shi ke jan tipar da Dogo ke yi wa lodi. Tsakaninsu gaisuwa ce kawai da sunkuyar da kai.

Ranar da abin ya faru, an wayi gari an tafka ruwa a kan tuddai, dam ya cika ya batse. Da hantsi tipa ta hau da lodi, Dogo ya saura shi kaɗai a ƙasa. Ya juya hannun injin zai ɗebo ƙasa, sai ya ga gindin shingen ya yi duhu. Wani siririn ruwa ja yana tsiyaya, yana jan jiki ya nufo shi.

Dogo ya ɗage cokalin injin da ke ɗibar ƙasa. Ya saka giyar baya. Sarƙar injin ta juya a wuri ɗaya, ta yi feshin taɓo, katafila ta ƙara nutsewa. Ya sake gwadawa, ta karkace gefe guda. Ya danna hon bai ɗaga hannu ba.

Mutane suka taru a bakin ramin. Injiniya na ɗaga hannu yana cewa ya bar injin ya fito. Dogo ya buɗe ƙofa ya zura ƙafa, taɓo ya haɗiye ta har gwiwa, da ƙyar ya zaro ta babu takalmi. Siririn ruwan nan yanzu ya kai kaurin jikin mutum, yana gurnani. Dogo ya koma kujera yana salati, ya kasa tuna ƙarshen addu'ar da ya fara.

Sai ya hango surukinsa yana gangarowa ta hanyar tipa, da igiya a kafaɗa, har inda ƙasa ke da tauri. Tsohon bai ɗaga murya sosai ba.

"Dogo, miƙo cokalin injin nan wajena. Ka biyo ta kan hannun."

"Baba, ba zan iya ba. Ƙafafuna sun mutu."

"To ka yi rarrafe. Ni kaɗai za ka kalla."

Dogo ya miƙe hannun katafilar iya tsawonsa, ya kafa cokalin kusa da tsohon. Ya fito ta taga, ya rungumi ƙarfen. Ga santsin mai, ga laka. Ruwa ya riga ya shafe sarƙar, yana wucewa ƙarƙashinsa da kumfa da karare. Ya kai tsakiya ke nan sai ya ji ƙara a bayansa kamar gini ya rushe. Injin ya girgiza, ƙafar Dogo ɗaya ta zame. Ya manne da ƙarfen, ya runtse ido, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Igiya ta faɗo masa a gadon baya. Tsohon ya ce ya zura hannu cikin zargen igiyar, ya faɗa ya sake faɗa, har Dogo ya ji. Aka ja shi da ƙarfi, ya faɗa cikin ruwa har wuya, ya sha ya ƙoshi, sannan ya ji hannuwa sun cafki rigarsa. Aka ruga da shi sama. Da ya waiwaya, rufin katafilar kawai ake gani.

Ba wanda ya rasa ransa. A tipa surukin ya kai Dogo gida. Matarsa ta gan shi jage-jage da laka, ƙafa ɗaya ba takalmi, ga mahaifinta a baya shi ma jiƙe sharkaf. Ta tambayi abin da ya faru, tsohon ya ce shinge ne ya ɓalle, ta dafa musu shayi. Da ta kawo, Dogo ya kasa riƙe kofin, sai ita ta riƙe masa.

Sai da ruwa ya ja baya aka jawo katafilar, aka sake shingen da duwatsu. Da aka kira Dogo ya koma aiki ya koma, amma ya roƙi a bar shi a sama yana baje ƙasa. Aka bar shi.