Baƙon da Ya Cinye Kwanon Mamaci

Injiniya Lennart daga ƙasar Suwidin aka turo mana shi, ya koya mana gyaran famfon ruwa mai aiki da hasken rana. Ya sauko daga mota yafe da jan bargon da shugabannin ƙauye kaɗai ke yafawa. Wai a babban birninmu La Paz ya saya, don ya girmama mu. Kafin ya taso an zaunar da shi a aji an karantar da shi al'adunmu, ya kuma haddace abu guda: ba a ƙin abincin ƙabilarmu ta Aymara.

Kamfaninsu ya ce in ɗalibai suka watse, shi ma ya tattara. Kullum sai ya gaya mana haka yana murmushi.

Farkon Nuwamba, ranar da matattu ke dawowa gida cin abinci, ya biyo ni gidan Inna Remigia. Mijinta Zenon bai shekara da rasuwa ba, wannan ne zuwansa na fari. Ta shimfiɗa baƙin zane a tebur, ta jera burodi mai siffar mutane, ta ajiye miyar busasshen dankali da naman rago gaban hotonsa. Ko yaron goye ya san ƙa'ida: ka yi addu'a, a ba ka burodi. Kwanon mamaci kuwa ba a taɓa shi sai mamacin ya koma washegari da tsakar rana.

Na fita ɗauko kofuna. Na dawo na tarar da Lennart a kujerar Zenon, yana suɗe cokali.

"Inna, akwai daɗi!" in ji shi da Aymararsa ta littafi. "Na san al'adarku. Ko loma ban rage ba."

Inna Remigia ta dubi kwanon, ta dube shi. Ba ta yi kuka ba.

"Zenon, ka ƙoshi?"

"Lennart ne, Inna."

"Oho dai. Wanda ya ci kwanon nan shi ne mamacin gidan nan. Gobe da rana ka kama hanya."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Washegari aka tafi da shi maƙabarta, tsofaffi suka rataya masa burodi a wuya, suna yi masa addu'a, shi kuma yana ta ɗaukar hoto. Rana na tsaka aka yi wa matattu sallama, har da shi.

Daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa. Ya yi gaisuwa, shiru. Ya shiga shago, mai shago ta ce wa mijinta, "Rufe ƙofar nan, iska na shigowa." Ya buɗe aji, kujeru ne kawai suka halarta.

Ya tare ni a hanyar rafi, leɓe duk a fashe.

"Wara, ki gaya musu kuskure ne. Zan durƙusa gaban kowa. Za a kore ni."

"Malam, ni ma bai kamata in ji ka ba," na ce. "Amma ajin nan da aka koya maka al'adunmu, ba a kai babin matattu ba aka tashi?"

Sai ga hawaye a idonsa. Na gyara tuluna na wuce.

Motar kamfani ta zo ta ɗauke shi. Jan bargon yanzu jakin Inna Remigia ke kwana da shi. Famfo na nan yadda yake, a lalace, rafi muke zuwa.

Bana kwano biyu Inna Remigia ta ajiye a tebur. Wai ko ɗaya mamacin zai biyo hanya, kada ya sake cinye wa Zenon.