Jirgin Kwalin Baba Lam

"Ajiye shi," na ce. "Baba, ajiye kwalin nan."

Bai ajiye ba. Yana tsaye a matakalar benenmu da singileti da silifas, ya rungume kwalin a ƙirji yana haki. Kwalin Ƙasimu ne, ƙanena. Ga sunansa ɓaro-ɓaro da baƙar maka, ga lambar wayarsa, ga KANO a ƙasa, yadda kowannenmu yake rubutawa a jikin kaya don kada su ɓace a tashar jiragen ruwa ta Nansha.

"Ba komai a ciki, lawban," in ji shi da Turancinsa na mutanen da. Lawban shi ne mai gida a bakin 'yan China, kuma haka suke kiran duk wanda suke sa ran zai yi ciniki. "Kin riga kin zubar."

"Na zubar a shara, ban ba ka ba."

Ya yi mini murmushi da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya tura ƙofarsa da gwiwar hannu, ya shige da kwalin. Ni kuwa na tsaya nan raina yana tafasa.

Sunana Saude, ina saro kayan yara a kasuwar Shisanhang ta Guangzhou ina turawa Kantin Kwari. A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik muna zaune a Panyu, gefen birnin, a wata unguwa mai katanga da ƙofa guda. A Beijing za a yi wasannin, amma mu a Guangzhou muka ji a jikinmu. Aka tsananta sabunta biza, ta Ƙasimu ta ƙare yana ta zirga-zirga bai samu ba. Sai ga 'yan sanda sun kafa tebur a ƙofar unguwa, duk baƙon da zai shiga ko zai fita sai ya nuna fasfo. Wanda aka kama a tsare shi, a kore shi, a hana shi dawowa. Ƙasimu yana da mata da 'ya'ya a Fagge, kuma bai san wata sana'a ba sai wannan. Na kulle shi a ɗakin ciki, na shiga gaya wa kowa ya tafi gida.

Baba Lam shi ne maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa. Ya haura tamanin, shi kaɗai yake zaune, kuma ba shi da aiki sai zama a bakin ƙofa yana kallon mai hawa da mai sauka.

Da na ba Harouna labarin kwalin, ajiye kofin shayinsa ya yi. Harouna mutumin Maraɗi ne, a saman mu yake, takardunsa lafiya lau.

"Hajiya, ba tun yau nake faɗa miki ba," ya ce. "Isufu da Salihu da aka kwashe a benen can, wa ya ce papiye ɗinsu, takardun zamansu, sun mutu? Tsohon nan ya ɗauki kwalayensu, da idona na gani. Suna da lamba duk suna jiki. Me zai yi da su in ba kai wa hukuma ba?"

"Ko sayarwa yake yi wa masu bola."

"To me ya sa sai masu rubutu yake zaɓa?"

Daga ranar na daina gaishe da tsohon, in ya ce mini "ni hao", gaisuwarsu, sai in ɗauke kai.

Wata safiya ina shanya a baranda, sai na ji muryarsa ta ɗaya gefen. Barandarmu da tasa ƙarfe kawai ya raba. Yana zaune a kujerar roba, ya zuba wa igiyata ido.

"Ƙaninki ya tafi gida, ko?"

"Ya tafi."

"Amma rigunansa suna ci gaba da datti."

Rigar Ƙasimu ce a hannuna tana ɗigar ruwa, ga wasu biyu na riga na rataya, inda duk wanda ya ɗaga kai daga titi zai gani.

"Ni mai wanki ne," ya ce. "Igiya nake fara kallo kafin fuska. Ki riƙa shanya su a ciki."

Na kwashe rigunan na koma ɗaki. Ƙasimu ya ce wataƙila taimako yake nufi. Na ce masa kai dai ka cika yarda da mutane, shi ya kai mu nan. A ganina tsohon nuna mini yake yi cewa muna tafin hannunsa, kuma ba da jimawa ba zai faɗi abin da yake so.

Ban iya jira ba. Da la'asar na je na buga masa ƙofa, na ce kwalayenmu na zo karɓa. Ya buɗe, ya matsa gefe.

Jirgin ruwa ne a tsakar falon, an ɗora shi a kan kujeru biyu, tsawonsa ya fi na gado. Duk da kwali aka yi shi, an shafe shi da fenti ruwan toka. Samansa shimfiɗe yake sumul, sai ɗan ƙaramin ɗaki a gefe guda, da wasu 'yan jiragen sama na takarda a jere a baya. Falon sai warin gam da na man zafi.

"Wannan fa?"

"Gidana ne na da," ya ce.

Ya zauna da ƙyar ya ba ni labari, yana yi yana tari. Yana saurayi ya bi jirgin kaya ya tsinci kansa a Ingila ana tsakiyar yaƙin Hitila. Aka ɗauke shi wanki a jirgin sojan ruwan Ingila, irin mai ɗaukar jiragen sama. Ba manyan da ake nunawa a sinima ba, ƙarami ne, jikin jirgin kaya ne aka shimfiɗa masa fili a kai. Aikinsa rakiya. In jiragen kaya sun yi ayari za su ƙetare teku, shi yake bin su, jiragen samansa suna shawagi suna neman jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus.

"Ba shi da gudu, ba shi da kauri," ya ce. "In teku ta tashi sai filin ya riƙa lilo, matuƙi ya zo sauka ya tarar fili ya kauce. Mu muna can ƙasa muna guga, in mun ji ƙara mu san wata rigar ba za a zo karɓa ba. Amma ayarin da muka raka, yawancinsu sun isa."

Ya ce a Firitawun ta Saliyo ya fara ganin baƙar fata, sun zo da lemo a kwalekwale. Ya ce da ya dawo ƙauyensu bayan yaƙi, shekaru da yawa bai isa ya ambaci jirgin ba, don maƙwabta suna cewa ɗan leƙen asirin Turawa ne.

"To me za ka yi da shi?"

"In na mutu za a ƙone mini. Mu haka muke yi, a ƙona wa mamaci abin takarda ya same shi a can. Wasu gida suke so, wasu mota. Ni wannan." Ya ɗago ya dube ni. "Ƙaninki dogo ne. Kafaɗarsa za ta yi."

Na fita ban ko ce masa sai an jima ba. Labarin bai kwantar mini da hankali ba, ƙara tayar da shi ya yi. Mutumin da ya zauna da sojoji ai ya san yadda ake ɗana tarko. Harouna ma haka ya ce.

Bayan 'yan kwanaki kujerar bakin ƙofar Baba Lam ta zauna ba kowa. Tari muke ji ta bango, sai kuma ƙarar dutsen guga yana sauka a kan tebur. Na ce wa Ƙasimu, mutum yana wannan tari me yake gogewa? 'Yarsa A-Fong, wata mata mai furfura da ke aiki a masana'anta, ta fara zuwa da miya a kwano. Ran Talata da hantsi na ji kukanta, siriri, ba irin namu ba. Na tsaya a bayan ƙofata na ce Allahu akbar, ban san lokacin da ya fito ba. Na ji babu daɗi, amma ba zan ɓoye ba, har da sauƙi na ji a ƙirjina.

Sauƙin bai daɗe ba. A makon nan 'yan sanda suka fara bi bene-bene, ƙofa-ƙofa. Suka gama da na bakin titi, kowa ya san namu ne na gaba. Wani abokin Harouna ya ce zai ɓoye Ƙasimu a sitonsa da ke wani gari har wasanni su wuce, in dai zai iya fitowa. Ta ina? Katangar akwai waya a kai, teburin yana nan a ƙofa.

Ranar da za a yi wa Baba Lam sadakarsu ta mamaci, da safe, A-Fong ta buga mana. Ba ta jin Turanci sosai. Ta miƙo mini farar riga mai dogon hannu, an goge ta da sitaci har tana ƙyalli, da farar safar hannu a kai.

"Baba ya ce," ta nuna ɗakin ciki da haɓa, "dogo. Ya ɗauki jirgi."

"Meyo," na ce mata, wato babu. "Ba kowa a nan."

Ta dube ni da jajayen idanunta, ta ajiye rigar a kan hannuna, ta koma.

Na kira Harouna. Ya juya rigar ya ce, "Hajiya, in ya fita da ƙafarsa ya sauƙaƙa musu aiki. Wa ya sani ko an biya 'yar?"

Ƙasimu ya fito daga ɗaki, ya karɓi rigar, ya zura. Tsawon hannun ya zauna masa cif a wuyan hannu, shi da kullum sai an ƙara masa yadi a wajen tela. Ya tsaya yana kallon hannuwansa.

"Yaya, wannan ba rigarsa ba ce. Tsohon ai bai kai kafaɗata ba."

"Abin ƙonawa ne na al'adarsu fa," in ji Harouna.

"Dako zan yi wa maƙwabci," Ƙasimu ya ce. "In na zauna ma gobe za su zo."

Na so in hana shi, wallahi na so. Na riƙe masa hannu har sitacin ya karye, sannan na sake shi.

A falon Baba Lam aka ɗaga jirgin. Sai a lokacin na ga cikinsa rami ne, gefunansa suna saukowa ƙasa, kuma ta baya an manna tsumma mai laushi a wuri biyu daidai inda kafaɗa za ta zauna. Mijin A-Fong ya ɗauki gaba. Ƙasimu ya shiga ta baya, jirgin ya rufe shi tun daga kai har ƙirji. Abin da ake gani farar riga ce, da farar safa, da baƙin wando.

Muka sauko. A-Fong a gaba da hoton mahaifinta, tsofaffin unguwa a baya da turarensu, ni can ƙarshe da fasfona a hannu yana jiƙewa da zufa. Ina ta jiran in ga ta ɗaga hannu ta nuna shi. Idona bai bar hannunta ba.

'Yan sanda biyu ne a teburin. Da suka hango hoton da fararen kaya, babban ya miƙe ya ja kujerarsa baya, ƙaramin ya kawar da fuska, don mutanen nan ba sa son haɗa ido da kayan mutuwa. Iska ta kaɗa, ɗaya daga cikin jiragen takardar ya zamo ya faɗi a gaban teburin. Ƙafafun Ƙasimu suka tsaya. Babban ɗan sandan ya dubi abin a ƙasa, bai taɓa ba. Wata tsohuwa ta sunkuya ta ɗauka, ta mayar da shi kan filin, ta bubbuga gefen jirgin. Ƙafafun suka ci gaba.

Ni aka tsayar. Aka buɗe fasfona shafi-shafi, aka dubi fuskata, aka miƙo mini. Na ce shiyeshiye, wato na gode, na wuce.

A bakin magudanar ruwa, da an sha kwana, akwai fili inda suke ƙone-ƙonensu. Motar Harouna tana tsaye a gefe, domin duk surutunsa sai da ya kawo ta. Aka sauke jirgin, Ƙasimu ya fito yana zufa sharkaf. Ya dubi hoton tsohon, ya dubi A-Fong. Ta yi masa alama da hannu ya tafi. Motar ta tashi, ban ɗaga masa hannu ba.

Ni na tsaya daga nesa kaɗan. A-Fong ta kunna wuta ta gaba, jiragen takardar suka fara tafiya, sannan filin ya lanƙwashe ya buɗe. Duk kwalayen ta ciki aka juya rubutunsu, fentin yana waje. Na ga Isufu, na ga Salihu da lambarsa, na ga Maraɗi da rubutun Harouna, na ga nawa sunan har wuri biyu, kwalayen da muka riƙa watsarwa a shara inda kowa zai iya tsayawa ya karanta. Na Ƙasimu yana can baya, wajen tsumman kafaɗa. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

A-Fong ta sa sanda ta tura gefen da ya rage cikin wutar. Lambar wayar ta fara yin baƙi, sannan sunan, KANO ta ɗan jima kafin ta naɗe.