Hoton Kabarin Inna

Sana'ata ɗaukar hoton abin da ya mutu a tsaye. Masaƙar da aka rufe, gidan man da ciyawa ta cinye, otal ɗin da mai shi ya rasu kafin a yi rufi aka bar wa jemagu. Na bi irinsu har Agadas, har Kwatano. Na kwana a bayan tirela, na sha ruwan da ko raƙumi sai ya yi masa tsaki. Masu sayen hotunan suna cewa akwai hikima a ciki. Ni dai abin da na gano shi ne siminti ma yana gajiya.

Ina can cikin sahara, inda waya ba ta da amfani sai duba lokaci, Inna ta rasu a Toranke. Kafin labari ya same ni in samo mota in iso Gaya, damina ta yi nisa, gero har ya fitar da kai. Mutane suka yi ta zuwa yi mini gaisuwa, ina amsawa. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ƙanwata Hussaina, wadda ke aure a Gaya, ita ta yi jinyar Inna. Sai da na ci abinci sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Yaya Da'u, ka san mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Tun da aka fita da ita ban san inda aka ajiye ta ba. Don Allah ka ɗauko min hoton wurin, in gani ko sau ɗaya ne."

Ba mu da hoton Inna. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya mu haɗa ido ta cikin kyamara. Ina ɗagawa take jan mayafi ta shige ɗaki.

Washegari na hau babur zuwa Toranke. Na samu Kawu Musbahu, ƙanin Inna, a gona. Yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari da hannunsu.

"Hoton kabari kuma? To, Allah ya kyauta. Mu je."

Ciyawa ta kai gwiwa. Ruwa ya kwantar da tudun ƙasa, fasassun tukwanen da ake kafawa don shaida kuwa awaki sun watsar da su. Kawu ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Daga ƙarshe ya tsaya kusa da wata aduwa, ya tura hula ƙeya.

"Ran nan mutum biyu muka rufe, ita da matar Kamilu mai facin taya. Ɗaya nan, ɗaya nan." Ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Wallahi Da'u, ba zan iya rantsuwa ba."

"Wa zai sani, Kawu?"

"Duk wanda ka tambaya haka zai ce maka. Ai addu'a ba ta ɓatan hanya. Mu yi musu su duka."

Muka yi musu. Sannan na ja baya na ɗauki kaburburan biyu tare a hoto ɗaya, har da aduwar. Haske ya yi kyau, hoton ya fito tsaf.

Da na koma Gaya na tarar da Hussaina tana wanke-wanke. Ta goge hannu a zaninta, ta karɓi kyamarar da hannu biyu.

"Yaya, ai biyu ne a nan. Wanne ne?"

Na leƙa. Ƙasa ce da ciyawa, nan da can duk ɗaya. Tana jirana. Na ɗora yatsa a kan na dama.

Ta daɗe tana kallonsa, tana shafa gilashin da babban yatsanta.

"Allah sarki Inna," ta ce. "Ashe ma ta samu inuwa."