Sifikar Tsakiya

Wata huɗu bayan rasuwar yayata Coral, mijinta Noel ya sayo amfilifaya, wato injin ƙara sauti, da sifikoki shida daga birnin Adelaide, aka sauke masa su a ƙofar gida a nan Whyalla. Da na je kai masa abinci na tarar da falon cike da kwalaye, shi kuma yana durƙushe da sukudireba a baki. Na ce masa ashe tsufa ma wauta ce, mutumin da ko rediyo bai damu da ita ba yau shi zai buɗe gidan sinima.

Ya miƙa mini wani faifan bidiyo. 'Yarsu Narelle da ke zaune a Perth ce ta sa aka juye tsofaffin kaset ɗin bidiyonsu a kai. A ciki akwai Kirsimetin wata shekara da muka yi a bayan gidan, ana zafi kamar a gasa mutum, ana ɓare jatan lande a kan tebur. Noel ne riƙe da kyamarar, sabuwa dal a lokacin. Akwai wurin da Coral ta juya baya tana kwashe shanya, ta faɗi wata magana, kowa ya fashe da dariya, har hoton ya girgiza saboda shi ma mai ɗaukar dariya yake. Ya ce ya manta abin da ta ce, kuma a talabijin ɗinsa maganar ba ta fita. Mai shagon da ya sayi kayan ya gaya masa akwai sifika guda da ake ajewa a tsakiya, ƙarƙashin talabijin, wadda ba ta da aiki sai fitar da muryar mutane. Saboda ita ya sayi sauran duka.

Noel maƙerin tankuna ne, shekara talatin da takwas yana dukan ƙarfe. Mutum ne da bai yarda da kowa ba sai ma'auni. Ya auna falon da tef, ya zana a takarda, ya kafa sifika biyu a gaba, biyu a baya kusa da silin, ya ajiye ƙatuwar sifika mai gurnani a kusurwa inda kujerar ɗinkin Coral take a da. Wayoyin kuwa ta cikin rufi ya bi da su, don Coral ba ta son ganin waya a ƙasa. Kwana uku ya yi yana hawa tsani, yana da shekara saba'in da ɗaya.

Ranar Asabar da rana ya kira ni gwaji. Ya sa faifan, muka zauna. Muryar yayata ta fito daga sifikar tsakiya tas, siririya kamar yadda take, har da 'yar shaƙewar nan da take yi in tana ƙoƙarin danne dariya. Sai da na riƙe hannun kujera. Na juya zan yi masa magana, na ga ya miƙa wuya gaba, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Kin ji ko, Glenys? Kamar mai magana a cikin bokiti. Ke kin gane me ta ce?"

Ni da aka san bakina a gidan waya shekara ashirin da biyar, ban taɓa jin tsoron gaya wa mutum gaskiya ba, ranar na ji tsoro. Mu nan ba a gaya wa namiji irin Noel jikinsa ya gaza, sai dai a ce masa komai zai daidaita, a miƙa masa shayi. Na ce masa ni ma ban ji sosai ba, wataƙila injin ne. Fuskarsa ta saki nan take. Wannan ƙaryar ita ce mafi muni da na yi a rayuwata, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta.

Daga nan ya kama aiki gadan-gadan. Ya ce wataƙila ya juya jar waya da baƙa, ya kwance su duka ya sake ɗaurawa. Ya ce ɓeraye sun ci wayar cikin rufi, ya shiga rufin kwano da tsakar rana a watan Janairu, lokacin da zafi ya fi tsanani a nan, ya fito jajir yana haki, da waya lafiya lau a hannunsa. Ya yanke ta duk da haka, ya sa sabuwa mai kauri. Ya mayar da sifikar tsakiyar, aka aiko masa wata. Ya yi ta faɗa da yaran shagon a waya, yana ce musu su daina cin magana su buɗe baki. Ya ƙure ƙarfin sifikar har kofunan Coral na kakkarwa a cikin kabad, maƙwabcinsa Stavros ya leƙo ta katanga yana tambaya ko yaƙi aka fara. Ni kuwa kullum na je sai ya tambaye ni ko an samu sauyi, ni kuma in ce da ɗan dama, amma da saura. Duk ƙaryar da na ƙara sai ta sake tura shi kan tsani.

A sati na uku ya gano wani ɗan makirfo a gindin kwali. Littafin injin ya ce a dasa shi daidai inda kan mai kallo yake, amfilifayar za ta aika sauti ga kowace sifika, ta saurara, ta faɗi wadda ke da matsala. Noel ya yi murna kamar an ba shi kyautar mota. Ya ce yanzu dai ma'auni zai yi magana.

Gwajin yana son shiru. Ya kashe firiji, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya rufe tagogi, muka jira Stavros ya gama yankan ciyawarsa ta Lahadi. Ya ɗora makirfon a kan matashin kai a kujerarsa, muka tsaya a bakin ƙofa muna zufa. Ya danna rimot. Injin ya fara, ya tsaya, ya rubuta a talabijin cewa akwai ƙara a ɗakin. Ya sake, haka. Sau huɗu.

Ransa ya ɓaci. Ya ce wace ƙara, ɗakin da ko ƙuda bai motsi? Ni kuwa tun shigowata nake jin ta. Na'urar gargaɗin hayaƙi ce da ke manne a silin, batirinta ya yi sanyi, tana ƙyat, ƙyat, duk rabin minti, a saman kansa. Allah kaɗai ya san kwana nawa ta yi tana yi. Na jawo kujera na hau, na cire batirin, na ajiye a tafin hannunsa. Ya dubi batirin, ya dubi silin, ya dube ni.

A karo na biyar gwajin ya tafi. Wani sauti ya zaga ɗakin daga sifika zuwa sifika, kamar iska na fita daga taya. Ina kallon Noel, kansa bai bi sautin ba sai da ƙatuwar kusurwa ta yi gurnani. Sannan sakamako ya fito: sifika shida, duka lafiya. Har nisan kowacce daga kujera ya rubuta. Noel ya ɗauko tef ya auna daga matashin zuwa sifikar tsakiya, mita uku da 'yan kai, daidai da abin da injin ya faɗa. Ya naɗe tef ɗin a hankali, ya zauna a hannun kujera.

Ya ce, "Tun yaushe kike jin maganar Coral?"

Na ce tun ranar farko.

"Kika bar ni ina shiga rufi."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Shi dai ya zauna yana juya batirin nan a hannu, can ya ce a wurin aiki ana ba su abin toshe kunne, amma a zamaninsu wanda ya sa dariya ake masa, a ce ya zama 'yar rawa. Nasa a wuya yake rataye shi, shekara talatin da takwas. Ya ce ni yana jina ne don murya gare ni kamar ta mai gwanjon tumaki, kuma yana kallon bakina. Coral kuwa a hoton ta ba shi baya.

Narelle ta matsa aka kai shi wurin likitar kunne. Aka yi masa na'urar ƙara ji, ya sa. Ta taimaka wajen jin mota da ƙarar ƙofa, amma likitar ba ta ɓoye masa ba, ta ce siraran sautukan da ke rarrabe kalma da kalma sun tafi, na'ura za ta ƙara ƙarfi ne kawai, ba za ta dawo da su ba. Ya gwada faifan da ita. Ya ce bokitin ne dai, sai dai ya matso kusa.

Wata biyu bai ɗaga wayata ba. Na ci gaba da ajiye abinci a baranda, ina ɗauke kwanon jiya, wani lokaci ba a taɓa ba. Ran nan da hantsi na tarar da ƙofa a buɗe, yana zaune a falo, hoton Coral a tsaye a talabijin da zanen gado a kafaɗarta. Bai gaishe ni ba. Ya nuna mini kujera a gabansa, inda zai ga bakina.

Ya ce, "Gaya mini. Kuma kada ki gyara."

Na so in gyara, wallahi na so. Na ce, "Cewa ta yi: shekara talatin ina magana mutumin nan ba ya jina, yau ya sayo inji ya riƙa ji masa."

Ya sa na maimaita, na maimaita da wannan ƙatuwar muryar tawa da ba ta da haɗi da tata. Ya gyaɗa kai. Ya ce lallai ita ce, ba wanda zai faɗi haka sai ita. Bai yi dariya ba, bai yi kuka ba, ni ce na yi.

Sai ya sauka daga kujera da ƙyar, ya durƙusa gaban talabijin, ya cire ragar da ke fuskar sifikar tsakiya, ya ɗora yatsunsa a kanta a hankali. Ya ce in mayar da faifan baya. Na mayar, na sake shi. Coral ta juya, ta yi maganarta, ta gama. Yatsun nan nasa masu kanta ba su ji komai ba sai da dariyar jama'a ta ɓarke, sifikar ta motsa sosai. Ya ɗago da sauri, idonsa a buɗe.

Ya ce, "Ga ta nan. Ita ce wannan, ko?"

Na riga na yi masa ƙarya a baya, na ga inda ta kai shi.

Na ce, "A'a, Noel. Wannan ni ce nake dariya. Ita ta riga ta wuce."

Bai ɗauke hannunsa ba. Ya ce in sake mayarwa.